Lokacin da kotu ta tsayar da ayyuka 76 a Tailan: me binciken tasiri ga lafiya ya tsinana wa wani garin masana'antu?

Binciken tasiri ga lafiya shi ne a zauna tun kafin a yanke shawara kan wani aiki ko tsari, a yi hasashen abin da zai jawo wa lafiyar jama'a, a gano su wa abin zai fi shafa, sannan a ba da shawarar gyara. Haka takardar da ƙwararru suka amince da ita a Gothenburg a 1999, ƙarƙashin ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fayyace shi. Tambayar da ta fi wuya ita ce ko yana biyan buƙata. Wannan nazari ya bi sawun garin Map Ta Phut da ke gabar teku a gabashin ƙasar Tailan, domin garin ya ga yanayi uku ɗaya bayan ɗaya: lokacin da babu binciken, lokacin da akwai shi amma babu doka a bayansa, da lokacin da kundin tsarin mulki ya wajabta shi.

Asalin lamarin: 1981 zuwa 1996

Kafin a gano iskar gas a ƙarƙashin Tekun Tailan a shekarun 1970, mutanen garin masunta ne da manoma da masu lambunan 'ya'yan itatuwa. A 1981 gas ya fara isowa tudu ta bututun da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa, kuma a gabar wannan gari bututun ya fito. Gwamnati ta sa garin cikin babban shirinta na raya gabar gabas. Aka gina masana'antar tace gas, aka haƙa tashar manyan jiragen ruwa, a ƙarshen shekarun 1980 kuma aka kafa rukunin masana'antu a ƙarƙashin wata hukumar gwamnati. Matatun mai suka biyo baya, da kamfanonin da ke juya gas da mai su zama roba da sinadarai, da na ƙarfe, da tashoshin wutar lantarki. Kafin a ankara wurin ya zama rukunin masana'antu mafi girma a ƙasar.

Akwai doka a lokacin. Dokar kare muhalli ta 1992 ta tanadi cewa manyan ayyuka su gabatar da rahoton tasirinsu ga muhalli kafin a ba su izini, kuma kamfanoni sun riƙa gabatarwa. Sai dai lafiya ɗan babi ce a cikin irin wannan rahoto, kuma ta fi karkata ga ma'aikatan da ke cikin shinge. Waɗanda ke kwana a bayan shingen ba su cika shiga lissafi ba. Ban da haka, kowane rahoto hayaƙin mai shi kaɗai yake aunawa. Wannan masana'anta ta nuna abin da take fitarwa bai haura ƙa'ida ba, ta kusa da ita ma ta nuna haka, ta gaba ma haka, alhali mutumin gari duka yake shaƙa a haɗe.

Rukunin na faɗaɗa, filin da aka bari tsakanin masana'antu da gidaje na tsukewa, har wasu unguwanni suka wayi gari shinge ne kawai tsakaninsu da tankunan sinadarai.

1997: warin ya shiga aji

Abin ya fito fili ne a wata makarantar sakandare da ke dab da rukunin. A 1997 wari mai ƙarfi ya riƙa shiga ajujuwa, ɗalibai da malamai suka yi ta fama da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da sarƙewar numfashi. Ɗaruruwa aka kai asibiti, labarin ya karaɗe ƙasar.

Hukumomi sun matsa wa wasu masana'antu su magance warin, daga baya kuma aka ɗauke makarantar aka kai ta wani wuri nesa da shingen. Masana'antun suna nan inda suke. Gidajen da yaran ke komawa idan an tashi daga makaranta su ma suna nan inda suke.

2000 zuwa 2006: bincike babu doka

A farkon shekarun 2000 ƙasar na tsakiyar gyaran tsarin kiwon lafiyarta, gyaran da ya haifar da shirin kula da lafiyar kowa a 2002. Cibiyar binciken tsarin kiwon lafiya ta ƙasar ta ɗauki binciken tasiri ga lafiya a matsayin ɗaya daga cikin kayan aikinta, kuma gabar gabas na cikin wuraren farko da aka gwada shi. Wannan aiki ya sha bamban da rahotannin kamfanoni. Ya kalli shirin raya yankin gaba ɗaya, ya kuma faɗaɗa abin da ake kira lafiya: iska, ruwan sha, sana'ar kamun kifi, haɗurran sinadarai, kwararar baƙin ma'aikata, da nauyin da duk wannan ya ɗora wa asibiti da zaman jama'a.

Akwai wata matsala da duk mai son auna lafiyar garin ke cin karo da ita. Ma'aikata da yawa suna zaune a garin ba tare da sun mayar da rajistar gidansu can ba. A takarda suna garuruwansu na asali. Kuɗin da ake ware wa ayyukan jama'a kuwa ya dogara sosai ga yawan waɗanda ke cikin rajista, saboda haka asibiti na duba mutanen da ba a lissafa da su ba. Ɓangaren ƙididdigar cuta ya fi wannan sarƙaƙiya. Idan ba a san adadin mutanen da ke wuri ba, ba za a iya cewa kashi nawa ne suka kamu ba. Wanda ya shekara goma yana shaƙar iskar garin, ya koma gida ya kwanta ciwo, a garinsu za a rubuta shi.

Babu hukumar da doka ta tilasta wa karanta sakamakon wannan bincike, balle aiki da shi. Izinin sababbin ayyuka ya ci gaba da fita.

A 2005 ƙungiyoyin kare muhalli, ciki har da Greenpeace, suka fitar da sakamakon gwajin iska da aka yi tare da mazauna garin. Kayan aikin bokitin roba ne mai murfi, a cikinsa an sa wata leda ta musamman wadda ba ta gurɓata abin da aka zuba mata, bakinta a waje. Idan wari ya taso, sai a kunna ɗan famfo ya zuƙe iskar cikin bokitin, ledar ta kumbura da iskar waje, a toshe bakinta, a rubuta wuri da lokaci da irin warin da aka ji, a aika ɗakin gwaji. Sakamakon ya nuna sinadarai masu haddasa kansa, irin su benzin, sun ninka ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka sau da yawa. Gwajin na da rauni da kowa ya sani: iskar 'yan mintuna ce, ba matsakaicin shekara ba. Amma ya bankaɗo abin da ba a iya musawa, wato a lokacin ƙasar ba ta da nata ma'aunin shekara na waɗannan sinadarai a iskar da jama'a ke shaƙa.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma alƙaluman cibiyar kansa ta ƙasa suka nuna wasu nau'o'in cutar, har da kansar jini, sun fi yawa a wannan yanki idan aka kwatanta da wasu. Muhawara ta kaure. Kansa na ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, tana da sanadi fiye da ɗaya, kuma babu wanda zai iya nuna cewa hayaƙin wannan kamfani ne ya kwantar da wannan mutum. Kowane ɓangare ya riƙe abin da ya yi masa daɗi a cikin alƙaluman. Fari da aka yi a 2005 ya ƙara wutar, domin masana'antu da manoma sun koma rububin ruwa ɗaya.

2007: dokoki biyu da ma'auni ɗaya

A watan Maris aka kafa Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 11 ya ba mutum ko ƙungiyar mutane haƙƙin neman a auna tasirin wata manufar gwamnati ga lafiyarsu, da haƙƙin shiga cikin binciken.

Ranar 24 ga Agusta sabon kundin tsarin mulki ya fara aiki. Sakin layi na biyu na sashe na 67 ya hana gudanar da duk aikin da ka iya yi wa al'umma mummunan tasiri ta fuskar muhalli ko albarkatun ƙasa ko lafiya, sai an cika sharuɗɗa uku: a yi nazarin tasirinsa ga muhalli da lafiyar mutanen wurin, a saurari ra'ayin jama'a da masu ruwa da tsaki, sannan wata hukuma mai zaman kanta, wadda ta ƙunshi wakilan ƙungiyoyin muhalli da lafiya da na jami'o'i, ta ba da ra'ayinta. Sakin layi na uku ya ba al'umma damar maka hukumar gwamnati a kotu idan ta ƙi bin wannan.

A watan Satumba majalisar kula da muhalli ta ƙasa ta fitar da ma'aunin shekara na sinadarai 9 masu saurin bin iska. Na benzin maikrogiram 1.7 ne a kowace kubik mita ta iska, na butadayin kuma 0.33.

Mazauna garin sun nemi a ayyana yankinsu a matsayin yankin yaƙi da gurɓatar muhalli, matakin da dokar 1992 ta tanada, wanda ke ba ƙaramar hukuma hurumin tsara shirin rage gurɓata. Majalisar ba ta yi haka ba. Ta zaɓi shirin rage gurɓata na 2007 zuwa 2011, tare da wata ƙa'ida da aka fi sani da 80:20. Duk mai son sabon aiki sai an rage hayaƙin salfa dayoksaid da naitirojin oksaid daga tsofaffin ayyuka, sannan a bar sabon ya fitar da abin da bai wuce kashi 80 cikin 100 na abin da aka rage ba. Ƙa'idar ta taɓa hayaƙin da ke fita ta manyan bututu. Sinadarai irin su benzin kuwa, kaso mai yawa nasu na tsiyaya ne ta bakin tankuna da mahaɗar bututu da wurin lodin jirage da tankoki.

A watan Oktoba mutum 27 daga unguwanni 11 suka shigar da ƙara a kotun da ke sauraron ƙorafi kan hukumomin gwamnati, suna neman a tilasta wa majalisar ta ayyana yankin.

Shi kuwa sashe na 67, shekara biyu ya yi a takarda. Ba a fayyace wane aiki ne mai mummunan tasiri ba, ba a rubuta ƙa'idojin binciken ba, ba a kafa hukumar mai zaman kanta ba. Hukumomi suka ɗauki matsayin cewa kafin a yi waɗannan, tsohon tsari na nan daram, suka ci gaba da amincewa da ayyuka.

2009: kotuna sun sa baki

A watan Maris kotun lardi ta ba mazauna garin gaskiya, ta umarci majalisar muhalli ta ayyana yankin cikin kwana 60. Aka ayyana.

A watan Yuni wata ƙungiyar kare muhalli da mazauna garin 43 suka shigar da wata ƙara a Bankok kan hukumomin gwamnati 8. Hujjarsu gajeriya ce: an amince da ayyuka ba tare da an cika sharuɗɗan sashe na 67 ba. Ranar 29 ga Satumba kotun ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da ayyuka 76, waɗanda jarinsu ya kai ɗaruruwan biliyoyin baht, kuɗin ƙasar. Da yawa daga ciki na manyan rukunonin kamfanonin ƙasar ne, wasu kuma da hannun jarin Japanawa. An riga an yi nisa da ginin wasu.

Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Ranar 2 ga Disamba babbar kotun sauraron ƙorafi kan hukumomin gwamnati ta saki ayyuka 11 da ta ga ba su da mummunan tasiri, ciki har da na rage gurɓata, ta bar 65 a dakace. Muhimmin abin da ta tsayar shi ne cewa haƙƙin da sashe na 67 ya bayar ya fara aiki tun ranar da kundin ya fara aiki, kuma jinkirin hukuma wajen rubuta ƙa'idoji ba hujja ba ce ta tauye shi.

Abin da aka kasa yi cikin shekara biyu sai ga shi an yi cikin 'yan makonni. A watan Nuwamba hukumar lafiya ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinta na binciken, Firaminista Abhisit Vejjajiva kuma ya kafa kwamiti mai ɓangarori huɗu, gwamnati da 'yan kasuwa da jama'ar gari da masana, ƙarƙashin tsohon Firaminista Anand Panyarachun. A ƙarshen Disamba ma'aikatar muhalli ta fitar da ƙa'idojin haɗaɗɗen binciken muhalli da lafiya. A farkon 2010 aka tanadi hukumar mai zaman kanta ta riƙon ƙwarya.

2010: wane aiki ne mai mummunan tasiri?

Duk shari'ar ta dawo kan wannan tambaya, domin aikin da bai shiga jerin masu mummunan tasiri ba, sashe na 67 bai hau kansa ba. Kwamitin Anand ya saurari jama'a a sassan ƙasar, ya miƙa jerin nau'o'in ayyuka 18. A watan Agusta majalisar muhalli ta amince da 11.

Kowane nau'i da iyakarsa. Tashar lantarki mai amfani da kwal tana shiga jerin idan ta kai megawat 100. Mai amfani da gas sai ta kai megawat 3,000. Madatsar ruwa sai ta kai kubik mita miliyan 100, filin jirgin sama sai titinsa ya kai mita 3,000. Masana'antun sinadarai ma an yanka musu iyaka gwargwadon girmansu da irin sinadarin da suke aiki da shi. Iyakokin na duba nau'in aiki da girmansa ne, ba sa duba inda za a kafa shi. Matsakaicin aiki a fili fetal da matsakaicin aiki a garin da iskarsa ta riga ta cika, hukuncinsu ɗaya. Kuma duk inda aka ja layi, akan sami masu tsayawa dab da shi: a ƙasar an san ƙananan tashoshin lantarki masu ƙona ragowar amfanin gona da ake ginawa a kan megawat 9.9, domin daga megawat 10 ake fara neman rahoton muhalli.

Ranar 2 ga Satumba 2010 kotu ta yanke hukunci bisa sabon jerin. Ayyuka 74 daga cikin 76 suka sami damar ci gaba. Biyu kaɗai, dukansu na faɗaɗa masana'antun sinadarai, aka ce sai sun bi matakan sashe na 67. Jama'ar garin sun yi zanga-zanga suna neman a dawo da jerin 18, ba a dawo da shi ba.

Yadda binciken ya kasance a aikace

A tsarin da aka bi ƙarƙashin kundin 2007, ga aikin da ya shiga jerin, matakan sun fi na da yawa. Ana fara da taron jama'a inda ake tsayar da abubuwan da binciken zai duba, bayan an sanar tun da wuri an kuma baje takardun aikin. Sai tattara bayanai da jin ta bakin mazauna wurin. Sai taro na biyu inda ake gabatar da daftarin rahoto jama'a su yi gyara. Daga nan rahoton ya tafi gaban kwamitin ƙwararru na gwamnati, sannan hukumar mai zaman kanta ta ba da ra'ayi cikin kwana 60, sannan hukumar da ke ba da izini ta sake sauraron jama'a kafin ta yanke shawara.

Wannan ya sauya abubuwa a zahiri. Mai aiki ya zama dole ya faɗi sinadaran da zai yi amfani da su, a gaban mutanen da za su zauna kusa da su. Masunci na iya miƙewa a zauren taro ya ce a duba inda yake zuba komarsa, kuma dole a rubuta maganarsa a ba ta amsa a rahoto. Jami'an lafiya sun sami kujera a teburin da da can injiniyoyi da jami'an muhalli kaɗai ke zama.

Wasu abubuwan kuma ba su sauya ba. Mai aikin ne ke ɗaukar kamfanin da zai yi binciken, shi ne kuma ke biyansa. Rahotannin manya ne, cike da lissafin da mutumin gari ba zai iya tantancewa ba sai da taimakon masani, kuma ba a tanadar masa masanin ba. Ra'ayin hukumar mai zaman kanta a lokacin shawara ce, hukumar ba da izini na iya karɓa ko ta ajiye. Kowane bincike kuma na aiki ɗaya ne, kamar dai rahotannin shekarun 1990.

2012 zuwa 2018: abin da ya biyo baya

Ranar 5 ga Mayu 2012 wata masana'antar roba a cikin rukunin ta yi bindiga ta kama da wuta. Mutum fiye da 10 suka rasu, fiye da 100 suka jikkata, aka kwashe unguwannin da ke kewaye. Washegari iskar kulorin ta tsiyaya daga wata masana'antar. A watan Yuli 2013 kimanin lita 50,000 na ɗanyen mai suka malala a teku daga wani bututu da ke kusa da gabar, man ya isa bakin wani tsibiri na masu yawon buɗe ido.

Tashoshin auna iska na hukumar yaƙi da gurɓata sun ci gaba da aiki, kuma a shekaru da dama bayan 2009 sun nuna benzin da butadayin da wani sinadari na uku sun haura ma'aunin 2007 a wasu unguwannin.

Juyin mulkin 22 ga Mayu 2014 ya soke kundin 2007. Kundin 2017, a sashe na 58, ya riƙe wajabcin auna tasiri ga muhalli da lafiya da sauraron jama'a, amma sharaɗin neman ra'ayin hukuma mai zaman kanta ya fita. A 2018 aka kafa dokar sabon yankin tattalin arzikin gabas, wadda ta haɗa lardin da garin yake da wasu larduna biyu, ta kuma tanadi hanzarta duba rahotannin ayyukan yankin. An ci gaba da shirin faɗaɗa tashar jiragen ruwan garin ta hanyar cike wani sashe na teku.

Hukunci: abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

Masu auna ingancin irin wannan bincike kan raba tambayar gida uku: an yi shi yadda ya kamata, ya sauya shawarar da aka yanke, lafiyar mutane ta inganta. Wani nazari da Matthias Wismar da abokan aikinsa suka fitar a 2007 kan misalai daga ƙasashen Turai ya ƙara raba tambaya ta biyu gida huɗu. Akwai binciken da ya sauya shawara kai tsaye. Akwai wanda bai sauya ta ba amma ya wayar da kan masu yanke ta. Akwai wanda aka yi don ya goyi bayan abin da dama za a yi. Akwai wanda aka yi watsi da shi.

Binciken farkon shekarun 2000 na cikin rukuni na biyu, kuma a ganina an fi raina shi fiye da kima. Bai hana ko aiki ɗaya ba. Amma daga wannan yunƙuri na masu gyaran tsarin lafiya ne tunanin ya shiga dokar 2007, kuma shi ya ba mazauna garin harshen da suka yi magana da shi a kotu. Wanda ya auna shi a 2004 zai ce ya faɗi. Wanda ya auna shi a 2009 zai ce wani abu dabam. Lokacin da aka yi awon na cikin abin da ke fitar da sakamakon.

Dakatarwar 2009 ita ake yawan kawowa a matsayin nasarar binciken tasiri ga lafiya, kuma a nan ya kamata a yi hattara. Kotu ba ta tsayar da ayyukan don wani bincike ya gano za su cutar da mutane ba. Ta tsayar da su ne don ba a yi binciken ba. Abin da ya yi aiki shi ne sakin layi na uku na sashe na 67, wato haƙƙin kai ƙara, da kotun da ta ƙi karɓar jinkirin gwamnati a matsayin uzuri. Sashe na 11 na dokar lafiya ya ba da haƙƙin neman bincike, amma ba shi ya tsayar da gini ba. Wajabci da hanyar tilasta shi suna sashe ɗaya a kundin, shi ya sa abin ya ci.

Abu na biyu da ya yi aiki shi ne lamba. Kafin 2007 mutumin gari na cewa akwai wari, kamfani na cewa babu hujja. Bayan 2007 akwai ma'aunin benzin na 1.7, kuma kowa na iya ɗaukar sakamakon tashar awo ya ajiye kusa da ita. Wannan bai tsaftace iskar ba, amma ya rage abin da za a iya musawa.

Gazawa mafi girma ta faru ne a bakin ƙofa, wurin tantance aikin da zai shiga binciken. Ranar da jerin ya sauko daga 18 zuwa 11, aka kuma ɗaure shi da girman aiki ba tare da duba wurin da zai zauna ba, an riga an yanke makomar ayyuka 74 tun kafin a rubuta shafi ɗaya kan lafiyar kowa. Duk mai auna ingancin tsarin da ya tsaya ga karanta rahotannin da aka kammala, zai ga aiki mai kyau a wasunsu, ba zai ga ayyukan da ba su taɓa zuwa gabansa ba. Ya kamata awo ya fara daga waɗannan.

Sai lokaci. Binciken da aka yi wa aikin da gininsa ya yi nisa ihu ne bayan hari, domin babu sauran zaɓin wuri ko girma ko fasaha, sai ɗan gyaran gefe. A nan kuma adalci ya sa a faɗi cewa kamfanonin sun bi ƙa'idar da hukumomi suka gindaya musu. Asarar watannin dakatarwa ta faɗa kansu da ma'aikatansu da 'yan kwangilarsu saboda gwamnati ta bar sashe na 67 babu ƙa'idoji shekara biyu. Jama'ar gari kuma su suka ɗauki nauyin izinin da aka yi ta bayarwa a cikin waɗannan shekaru biyun.

Tambaya ta uku, ko lafiyar mutanen garin ta inganta saboda binciken, babu mai gaskiyar da zai amsa ta da ƙarfin gwiwa, kuma dalilin na cikin tarihin da aka bayar a sama. Masana'antu sun riga awo zuwa, saboda haka babu cikakken hoton lafiyar garin kafin su zo. Mutanen da ke shaƙar iskar ba su ne daidai waɗanda ke cikin rajista ba. Matakai da yawa sun zo a lokaci ɗaya: ƙa'idar 80:20, ma'aunin 2007, ayyana yankin, sababbin ƙa'idojin bincike, ta yadda ba a iya ware tasirin ɗaya daga sauran. Abin da za a iya aunawa shi ne matakin tsakiya, wato iskar da ake shaƙa, kuma a nan alƙaluman da suka haura ƙa'ida bayan 2009 ba su goyi bayan mai cewa an yi nasara ba. Gobarar 2012 ma ba hujja ba ce kai tsaye a kan binciken, tun da aikinsa hasashe ne kafin izini. Abin da ta nuna shi ne cewa bin diddigi bayan izini, da tazarar da ke tsakanin tanki da gida, su ne ke yanke yawan waɗanda haɗari zai shafa, kuma rahoton aiki ɗaya ba shi da iko a kan tazarar da tsarin gari ya riga ya cinye.

Matsalar da ta kai ɗalibai asibiti a 1997 ta taruwar hayaƙin masana'antu da yawa ce a iska ɗaya. Tsarin da aka gina daga 2009 ya inganta yadda ake tambayar kowace masana'anta ita kaɗai: ya buɗe takardu, ya shigo da jami'an lafiya, ya ba mazauna wuri damar magana a rubuce. Bai ɗaura bayar da sabon izini da abin da tashoshin awo ke nunawa a unguwannin da ke bayan shinge ba, kuma wannan ɗaurin ne garin ya fi buƙata: idan benzin ya haura 1.7 a shekara, kada a amince da wani aikin da zai ƙara shi sai ya sauko.